HOTO MA RUBUTU NE: A DAINA GOGE MU DA SUNAN GYARA

 

Yau za mu taɓo maganar da muka san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, domin ta shafi aljihun wasu, ta shafi bangon littafin wasu, ta kuma shafi hoton da mutane da yawa suka liƙa a saman shafinsu. Tambayar ita ce: yaushe hoto yake tashi daga abin tunawa kawai ya zama fasaha? Gyaran hoto kuma da ake yi da kwamfuta ko waya, wanda muke kira editin, yaushe yake zama gwaninta, yaushe yake komawa ha'inci?

Gara mu faɗi matsayarmu tun daga farko. Ɗaukar hoto fasaha ce cikakkiya, kuma mai hoton da ya san aikinsa ɗan uwan marubuci ne, ya cancanci girmamawa da biyan haƙƙi. Amma mafi yawan abin da ake yi mana yau da sunan gyara, a nan Ɗanbatta da Kano da sauran garuruwanmu, gogewa ce. Ana goge launin fatarmu, ana goge garinmu daga bayanmu, a miƙo mana wani baƙon mutum a ce mu ne, mu biya kuɗi har da godiya. Mutane iri biyu muke jayayya da su a kan wannan batu, kuma za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

MASU CEWA "AI INJI NE YA YI"

Waɗannan suna da yawa a cikin marubuta. A wurinsu mai hoto ɗan ci-rani ne na gidan biki, mai rataye da kyamara yana bin 'yan mata da "a ɗauka, Hajiya?" Hujjarsu ita ce mai zane da hannunsa yake zanawa, mawaƙi daga ƙirjinsa yake fito da waƙa, marubuci ƙwaƙwalwarsa yake tatsa, shi kuwa mai hoto danna maɓalli kawai yake yi, inji ya ƙarasa.

Maganar tsohuwa ce, kuma an daɗe da kayar da ita. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a Faransa. Shekara ashirin bayan nan, a 1859, wani babban mawaƙin ƙasar mai suna Charles Baudelaire ya yi rubutu mai zafi yana nuna cewa hoto bai kamata ya wuce matsayin bara mai yi wa ilimi da fasaha hidima ba. A 1888 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da ƙaramar kyamarar da kowa zai iya riƙewa, tallar da ya yi mata kuwa ma'anarta ita ce kai dai ka danna, sauran aikin ka bar musu. Ka ga masu sayar da kyamarar da kansu sun ba masu raina ta makami.

To amma mu tambayi kanmu a matsayinmu na marubuta. Irin alƙalamin da magatakardan kotu yake rubuta sammaci da shi, ba irinsa Abubakar Imam ya riƙe ya rubuta Ruwan Bagaja ba? Me ya sa ɗaya ya zama adabi, ɗaya ya tsaya a sammaci? Yau duk mai waya yana rubutu daga safe har dare, amma babu wanda ya ce tunda kowa yana iya tura saƙo, rubuta labari ya daina zama fasaha. Kayan aiki bai taɓa zama ma'auni ba. Wanda ya riƙe shi ake dubawa.

A ba mutum biyu waya iri ɗaya a tura su dam ɗin Tomas. Na farko ya je da rana tsaka, ya tsaya daga bakin hanya ya danna, ya dawo da hoton ruwa. Na biyu ya tashi bayan asuba cikin hunturu, ya sami wuri ya tsuguna har ƙafarsa ta yi tsami, yana jiran lokacin da masunci zai watsa ragarsa ta buɗe a sama, hazo ya rufe wancan gefen ruwan, hasken rana bai gama ƙarfi ba. Ya bar wasu masuntan uku a waje, ya ɗauki guda ɗaya. Shi ya dawo da labarin mutumin da ya fito nema cikin sanyi saboda akwai bakunan da ke jiran sa a gida. Wayar ɗaya ce, dam ɗin ɗaya ne.

Abin da na biyun ya yi zaɓi ne: inda zai tsaya, lokacin da zai danna, abin da zai shigar, abin da zai bari a waje. Duk wanda ya taɓa zama ya tsara labari ya san waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke hana marubuci barci. Ta bakin wa za a ba da labarin? Daga ina za a fara? Me za a faɗa, me za a bar wa mai karatu ya gano da kansa? Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan sanin ƙimar shi ne fasahar.

Idan ana son shaida, ba sai an je Turai ba. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hoto a 1948. Mutanen gari yake ɗauka, a tsakar gida, da hasken rana, yana rataya atamfa ko wani ƙyalle mai zane a bayansu. Sana'a yake yi don ya ci abinci. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, a matsayin aikin mai hoton da ba a sani ba, daga baya aka bi sawu har aka gano shi. Kafin ya rasu a 2001 manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya suna neman aikinsa. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé, wanda ya yi ta bin matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogi, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinare a bikin fasaha na birnin Venice a Italiya, saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Shi ne mai hoto na farko da ya samu wannan karramawa.

A nan gida Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya ci gaba shekara da shekaru har ya tara kusan dubu. Da yawa daga cikinsu ta ƙeya ya ɗauka, ko fuska ba a gani, kitson kaɗai ke magana. A Maiduguri, Fati Abubakar ta fara aikin da ta kira Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hayaƙi da gawa. Ita kuwa ta nuna 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki, mutanen da suka ƙi yarda rayuwa ta tsaya. A Kano ga Sani Maikatanga, wanda hotonsa na ambaliyar Auyo ta Jihar Jigawa ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023. Auyo fa, ba Dubai ba.

Har dokar ƙasa ta raba gardama. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta sanya hoto a cikin ayyukan fasaha da take ba kariya, kamar yadda take kare littafinka. Duk marubucin da ke tsinuwa idan aka kwafi labarinsa aka cire sunansa, amma yake ganin hoton wani tsintuwa ce, to ya sake lale.

MASU GANIN DUK ABIN DA YA SHA EDITIN YA ZAMA FASAHA

Waɗannan su ne suka fi damun mu, domin su ne ke da kasuwa a yanzu.

Ku buɗe hotunan bikin da aka yi a unguwarku cikin shekarun nan ku duba da idon basira. Amaryar da duk muka san ta baƙa ce mai kyau, ko wankan tarwaɗa, ta koma fara fat kamar an wanke ta da madara. An goge ramin kumatunta, an goge ɗan tabon da ta samu tun tana yarinya, an tsuke hancin, an ƙara idon, fatar ta koma sumul kamar ta 'yar tsana. Wani lokaci garin gaggawa a manta da hannu, ka ga fuska ta Balarabiya, yatsu na 'yar Ɗanbatta. A bayanta kuwa, inda katangar gidansu take da bishiyar darbejiya, an dasa wani dogon bene mai gilashi, ko matakalar wani otal da ko a mafarki ba ta taɓa takawa ba. Uwar da ta haife ta sai ta ƙura ido kafin ta gane ta.

Haka abin yake a fastocin 'yan siyasa, inda dattijo ɗan shekara saba'in yake fitowa da fuskar saurayi. Haka yake a kalandar sauka, da ta suna, har da sanarwar rasuwa, inda ake yi wa mamaci kwalliyar da bai taɓa yi ba yana raye.

Kada a fahimce mu a baibai. Gyaran hoto tare da hoto aka haife shi. Tun zamanin dodon hoto, masu wanki suna shiga ɗaki mai duhu su ƙara wa wani sashe haske, su rage wa wani, su yanke gefe. Manhajar Photoshop da ta fito a 1990 sauƙaƙa aikin ta yi, ta kuma faɗaɗa shi. Kyamara ba ta gani kamar ido. Idan ka ɗauki mutum a inuwar kuka alhali rana na dukan gonar da ke bayansa, ko dai fuskarsa ta yi duhu ko gonar ta ƙone da haske. Wanda ya zauna ya daidaita su har hoton ya dawo kamar yadda ido ya gani, ya yi aikin gwani. Wannan shi ne daidai da tace rubutu: a cire kalmar da ta yi yawa, a gyara jimlar da ta karkace, domin abin da marubuci yake nufi ya fito fili.

Amma ku ɗauka kun ba wani labarinku ya tace. Tauraruwarku Hansai ce, 'yar manomi a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Makoɗa. Ya dawo muku da shi ya mayar da ita 'yar minista mai zaune a Landan, ya ce ai haka ya fi kyau. Za ku ce ya tace, ko za ku ce ya kashe muku labari? To abin da ake yi wa fuskokinmu ke nan. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan an goge fuskar, wa za a tambaya?

Akwai wani abin takaici a tarihin wannan harka. Shekaru da dama, kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto mai launi wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake auna ko launi ya fito daidai. Fatar Bature ita ce ma'auni, shi ya sa baƙar fata take fitowa a dishe a tsofaffin hotuna masu launi. An daɗe ana ƙorafi kafin a gyara. Yau da kyamarar da ke aljihunmu take iya fito da baƙar fata da ƙyallinta, sai ga mu da hannunmu muna danna filta muna komawa ga ma'aunin da aka ƙaƙaba mana. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan man bilicin da ɓarnar da yake yi wa fata da lafiya. Yarinyar da ta ga an mayar da ita fara a hoton bikin yayarta, kowa yana ta "masha Allah, kin yi kyau", me ake koya mata game da fuskar da take gani a madubi? Bilicin na waya shi ke share wa na kwalba hanya.

Wani zai ce, ai Seydou Keïta ɗin da kuke yabo shi ma yana ara wa mutane agogo da rediyo da babur su ɗauki hoto da su, alhali ba nasu ba ne. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai nauyi. Mutum yana da 'yancin ya fito a hoto yadda yake burin zama, kamar yadda ake aron babbar riga ranar Sallah. Bambancin shi ne Keïta yana ƙara wa mutum ado ne, mutumin yana nan. Fatarsa tasa ce, tsagar fuskarsa tana nan, ɗaurin ɗankwalin na Bamako ne, shi ya sa yau idan ka kalli hotunan kana ganin yadda mutanen garin suke a wancan zamani da abin da suke sha'awa. Namu gyaran kuwa cire mutumin yake yi ya bar adon.

Wani kuma zai ce, to ke nan haramun ne a haɗa hoto da abin da bai faru ba? A'a. Mu da muke rubuta ƙagaggun labarai ba mu da bakin faɗar haka. Idan wani gwani ya haɗa hoton rumbunan gero suna shawagi a sararin samaniya saboda yana son ya yi magana a kan tsadar abinci, ya yi fasaha, domin duk wanda ya gani ya san haɗi ne, kuma haɗin yana faɗar wani abu. Ƙagaggen labari yana sanar da kansa tun daga bango. Rahoton jarida kuwa alƙawari ne cewa abin ya faru. Matsala tana farawa ne idan aka sayar da ƙage a matsayin rahoto.

Duniyar masu hoto ba ta wasa da wannan iyaka. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar guda kusa da 'yar uwarta don hoton ya shiga bangonta, har yau ana kafa misali da abin a matsayin abin kunya. A gasar World Press Photo ta 2015, kusan ɗaya cikin biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, sannan ya ƙi karɓar kyautar, yana nuna cewa irin wannan abu da hoton kyamara ba jinsi ɗaya ba ne, bai kamata a gwama su ba. A ƙasarmu kuwa abin ya wuce batun gasa. A 2018 BBC ta yi bincike a kan yadda hotunan da ba a wurin aka ɗauke su ba, da aka yaɗa a Facebook, suka ƙara rura wutar rikici a Jihar Filato. Ga kuma 'yan matan da ake haɗa fuskarsu da jikin da ba nasu ba don a tozarta su ko a karɓi kuɗi. Hannun da ya saba da cewa canza hoto ba komai ba ne, wata rana zai kai ga wannan.

Saboda haka ga ma'auninmu. Hoto yana zama fasaha idan wanda ya yi shi ya ga wani abu da idonsa, ya zaɓi yadda zai nuna shi, bai kuma yaudari mai kallo a kan irin abin da yake kallo ba. Yawan editin ba ya cikin lissafi.

BANGON LITTATTAFANMU

Yanzu mu dawo gida. Ku leƙa inda ake sakin littattafan Hausa a intanet ku ƙirga bango goma. Nawa ne a ciki ke ɗauke da fuskar da za ku iya haɗuwa da irinta a kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi? 'Yar fim ɗin Indiya ce, ko ta Turkiyya, ko wata Balarabiya da aka tsinto a Pinterest, a gefenta wani mai ƙasumba sanye da kwat jingine da motar da babu irinta a Kano. A ƙasa an rubuta sunan littafi da ruwan zinare. Ka buɗe ciki ka tarar sunan yarinyar Ummi, a Fagge take, tana tallan awara. Yanzu kuma an samu sabon sauƙi, a ce wa ƙirƙirarriyar basira ta zana "kyakkyawar Bahaushiya", ta fito da wata halitta mai yatsu shida da lallen da ba na ƙasar nan ba.

Laifi uku ne a dunƙule a nan. Akwai sata, domin hoton yana da mai shi, fuskar ma tana da mai ita. Akwai yaudarar mai karatu, domin bango alƙawari ne. Sai kuma raina kai, wanda ya fi sauran ciwo, domin marubucin yana shelanta cewa mutanen da ya rubuta labarinsu ba su isa a gan su ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ku duba wannan abin kunya. Wata Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto, Glenna Gordon, ta taso takanas ta zo Kano ta ɗauki hotunan mata marubuta littattafan soyayya da irin rayuwar da suke rubutu a kanta, ta fitar da littafin hotuna a 2016 mai suna Diagram of the Heart. Ɗakunanmu ta ɗauka, da jeren kwanukanmu, da amarenmu a yadda suke, kuma duniya ta tsaya ta kalla. Baƙuwa ta ga abin ɗauka a tsakar gidan marubuciyar Hausa, marubutan kuma suna can suna tsinto hoton baƙi su liƙa a bango.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Mai hoto zai ce: "Ni fa abin da kwastoma yake so nake yi. Idan ban haska ta ba gobe wurin wani za ta." Mun ji, kuma ba ma raina neman abinci. Amma wa ya koya wa kwastoman son hakan? Hotunan da aka liƙa a ƙofar situdiyo su ne makarantarsa. Marubutan da ke cika labari da batsa su ma wannan uzurin suke kawowa, cewa abin da masu karatu ke so ke nan, kuma ba mu taɓa karɓa daga gare su ba. Ka yi wa mutum hoto biyu, ɗaya yadda ya nema, ɗaya da ka fito da shi a kamanninsa cikin haske mai kyau, ka ajiye masa. Wanda zai nuna wa jikokinsa daban, wanda zai ɗora a shafi yau daban.

Marubuci zai ce: "Ba ni da kuɗin ɗaukar mai hoto." Kuɗin datar da ake ƙonawa wajen neman hoton sata fa? Kuma wa ya ce dole sai fuskar mace ce za ta sayar da littafi? Ƙofar zaure a rufe da takalmi ɗaya a bakinta bango ce. Akwatin lefe a buɗe babu kowa a ɗakin bango ne. Duk labarin da ya amsa sunansa yana da wani abu guda a cikinsa da zai iya tsayawa a madadinsa, kuma marubucin da ya kasa gano wannan abu, wataƙila bai gama sanin labarinsa ba.

Akwai kuma 'yan uwa da ke kauce wa hoton abu mai rai saboda fahimtarsu ta addini. Malamai sun yi magana a kai, sun kuma saɓa, ba mu ne za mu yanke hukunci ba. Amma wanda ya zaɓi wannan hanya ba a rufe masa ƙofa ba. Mutanen da suka gaji zayyanar allo, da dagi a goshin soro, da aska takwas a ƙirjin riga, da zanen ƙwarya, ba za a koya musu yadda ake magana da siffa ba tare da fuska ba. A kan ha'inci kuwa babu saɓani ko kaɗan.

ABIN DA ZA A RASA

An fara wayar salula ta GSM a Najeriya a 2001. Ɗan garin nan, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, shi ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, daga 2015 zuwa 2023, shekarun da waya mai kyamara ta shiga kusan kowane gida. Babu wani zamani da aka ɗauki hotunan mutanen ƙasar nan kamar namu. Kakanninmu da yawa ko hoto ɗaya ba su bari ba, wasu kuma fasfo ɗin zuwa Makka kaɗai gare su, amma wannan ɗan fasfo ɗin su ne a ciki.

Nan da shekara hamsin, idan wani yaro ya so sanin yadda Ɗanbatta take a zamaninmu, me zai tarar? Dubban hotunan fararen mutane masu fuska iri ɗaya tsaye a gaban benayen wata ƙasa. Ba zai ga kara ranar kasuwa ba, ƙura ta tashi, dillali ya kama hannun mai saye a ƙarƙashin riga. Ba zai ga mata suna shiƙa da kaka ba, ƙaiƙayi na tashi cikin hasken la'asar. Ba zai ga gawo ba, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Ba zai ga ɗaliban Kwalejin Noma ta Audu Bako a gona ba, ko masu noman rani a bakin dam, ko rumbun ƙasa da ke ɓacewa a hankali ana maye shi da buhu. Waɗannan abubuwa suna gaban idonmu kullum, kyauta, mu kuma muna yanke su daga hoto muna jefarwa.

Don haka muna kira. Marubuci, kafin ka saki littafinka na gaba, nemi wani matashi mai ido a garinku, ka ba shi labarin ya karanta, ku fita tare ku nemo bangon. Ka biya shi gwargwadon hali, ka rubuta sunansa a littafin kamar yadda kake son a rubuta naka. Idan fuskar mutum za ku ɗauka, ku nemi izininsa, ku faɗa masa inda hoton zai je. Idan ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa maka, ka faɗa, kada ka bari a zaci kyamara ce. Ƙungiyoyinmu na marubuta kuma su riƙa gayyatar masu hoto zaman karatu, a ɗora hoto a tebur a yi masa sharhi kamar yadda ake yi wa gajeren labari. Mai hoto, ka gyara haske, ka gyara launi, ka cire ƙurjin da zai warke jibi, amma ka bar wa mutum fatarsa da garinsa.

Ga kuma aikin wannan mako ga duk mai son gwada alƙalaminsa. Ka fita da wayarka ka ɗauki hoto guda ɗaya a unguwarku, ba filta, ba canza baya. Ka zauna ka rubuta kalma ɗari biyu a kan abin da ke cikinsa. Idan ka rasa abin rubutawa, ka koma ka sake ɗauka, domin alama ce ba ka tsaya ka gani ba. Wanda ya yi haka sau goma zai ga canji a yadda yake siffanta wuri da mutum a labarinsa.

Mun san akwai masu hoto da masu haɗa bango a cikinmu, kuma mun san wasu maganganun sun yi zafi. Wanda yake ganin mun zalunce shi ya kawo tasa hujjar, zai fi kyau ma ya haɗo da aikinsa mu gani, tunda gani ya kori ji. A yi muhawara cikin mutunci kamar yadda aka saba.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mako mai zuwa idan mai kowa ya kai mu.